Jeren Rabi a Kudai

Ƙanena Mukhtaru direban bas ne a Kudai, kuma a duk faɗin Makka ba na jin akwai mai taurin kai irin nasa. Ni Hadijatu ni na goya shi, saboda haka na san abin da nake faɗa. Shekararsa arba'in da biyu, goma sha tara daga ciki a kan sitiyari ya yi su, yana kwasar alhazai da masu umra daga tashar Kudai zuwa bakin Harami, ya sauke, ya kwaso wasu. Ya iya gaisuwa da bakin mutanen Indonesiya da na Turkiyya da na Pakistan, yana ajiye ruwan sanyi a gefen kujerarsa saboda tsofaffi, amma duk magiyar da za ka yi ba zai buɗe maka ƙofa ba sai an kai inda aka ce a tsaya. Haka yake tun yana ƙarami. In aka ce masa ga yadda ake yin abu, to an gama, ko wanda ya faɗa ya manta shi bai manta ba.

Wadda ta mayar da shi haka kuwa kakarmu ce, Sitti Hauwa. A unguwar Misfala aka haife mu, a wani gida da yanzu ko harsashinsa babu, otal ne a wurin. Iyayenmu suna da ɗan shago suna sayar da carbi da darduma, can suke wuni, sai renon Mukhtaru ya faɗa hannun tsohuwa. Ita kuwa tana da shekara tara ta baro wani ƙauye a ƙasar Katsina tare da iyayenta, a ƙafa, suka ratsa Chadi, suka yi shekaru a Sudan suna cirar auduga kafin su ƙetare teku. Ƙasar Hausa ta ci gaba da canzawa abinta, amma wadda ke cikin kan Sitti tana nan yadda ta baro ta. Ni na tafi makaranta, na cakuɗa da 'ya'yan Larabawa, Hausata ta zama rabi da rabi. Shi kuwa yana gindinta yana haddace dokoki. Ba a kiran sunan suruki, ba a cin abinci a gabansa. Namiji ba ya neman aure da bakinsa. Ɗakin amarya kuma, miji nasa bango ne da rufi, abin da ke ciki daga gado har tsintsiya na iyayen amarya ne, su za su zo su jera.

Har ya kusa arba'in bai yi aure ba. A ɗakin da ke saman gidana a unguwar Zahir yake zaune, ni nake ba shi abinci, ni nake yi masa mita. Na kai shi gidan ƙawata Ghada ya ga ƙanwarta, na kai shi gidan Nora ya ga 'yar yayanta, ko'ina sai ya sha shayi, ya yi godiya, ya tashi abinsa. Na gaji na zuba masa ido.

Sai ga Rabi. Tela ce a Maraɗi, ta rako mahaifiyarta umra, tsohuwar kuwa tana fama da gwiwa. Mukhtaru ya gan su a layi, ya sauko ya ajiye ɗan akwatin da za ta taka, ya gaishe su da irin Hausar Sitti, mai tsawo, har da tambayar yadda suka baro damina da dabbobi. Rabi ta kasa riƙe dariya, ta ce rabonta da jin wannan Hausa tun rasuwar kakar mahaifiyarta. Daga ranar, kwana goma cur, kujerar gaba ba mai zama a kanta sai Inna, mahaifiyar Rabi, don yakan ɗora rigarsa a kai tun kafin su iso. Bai ce wa Rabi komai ba, ko kalma ɗaya. Ana jibi za su tashi ya same ni a kicin, yana kallon ƙasa, ya ce, "Yaya, akwai wasu baƙi a Misfala. Ya kamata a je a gaishe su."

Ban san lokacin da na saki ludayi na rangaɗa guɗa ba, har maƙwabta suka leƙo. Washegari na ɗauki dabino da ruwan zamzam na tafi masaukinsu. Na ga yarinya mai fara'a, bakinta ba ya shiru, idonta kuma yana kan ƙofa ko akwai wanda ya rako ni. Kafin in sha rabin shayin da aka zuba mini na san magana ta yiwu.

Auren ɗan ƙasa da baƙuwa sai da izini, izinin kuwa ba ya sauri. Wata goma sha huɗu Mukhtaru ya yi yana kai takarda yana karɓo takarda. Da ya fito muka tafi Maraɗi aka ɗaura aure. Kwana tara muka yi, bai ci ko loma ɗaya a gaban Inna ba, in ta shigo ta ƙofa shi ya fita ta wata. Samarin gidan suna yi masa dariya, Inna kuwa kamar ta goya shi, tana cewa irin wannan suruki an daina haihuwarsa. Muka dawo muka bar amarya, saura bizar da za ta shigo da ita.

A nan maganar gida ta taso. Takardar da aka ba shi ta ce sai ya nuna inda zai ajiye matarsa: takardar haya mai rajista da sunansa, ta shekara cikakkiya, da shaidar umda, wato mai unguwa, cewa lallai a nan yake zaune kuma wurin ya dace da iyali. An ba shi wata uku ya kammala. In lokacin ya wuce, a rufe fayil, a koma farko. Rabi kuwa ta riga ta sallami masu kawo mata ɗinki, ta ɗaure jakunkunanta tana jira.

Ɗakin saman gidana ba shi da takardar kansa, don haka sai nema. Ban taɓa ganin Mukhtaru cikin zumuɗi irin na lokacin ba. Yana sauka daga aiki sai yawon unguwanni, ya dawo da gumi, baki har kunne, ya zauna yana ba ni labarin tagogi da famfuna kamar ni na aike shi. Matsalar ita ce al'adar masu gidajen garin nan. Su ba ka haya wata goma, in aikin Hajji ya matso ka tattara ka ba alhazai wuri. Mu kanmu haka muka tashi, duk shekara sai mu kwashe kayanmu mu hau saman rufi, baƙi su cika ɗakunanmu, mu yara muna ta murna. Amma takarda ba ta san wannan ba, wata goma sha biyu take so. Gida bakwai ya gani, duka bakwai maganar ke nan. Na takwas, a Kudai, hawa na uku, mai gidan ya ce ya tsufa da hayaniyar alhazai, ya sa hannu a kan shekara guda. Shagga ce, kamar yadda muke ce wa irin waɗannan gidaje na bene: ɗaki biyu da majalisa, wato falo, da kicin, in ka leƙa ta tagar kicin ɗin kana hango kan hasumiyar agogon Harami.

Mukhtaru ya yi mata fenti da hannunsa, ya canza famfuna, ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ya wanke ƙasa har sau uku. Kullum sai ya ɗauki bidiyo ya tura wa Rabi. Ni kuwa ban je ba, kuma wannan laifina ne. Hawa uku ne ba lif, ga nauyin jiki, na ce sai an gama komai in je in gani gaba ɗaya. Da yake ina ganin yana dawowa kwana a ɗakinsa na sama, na ɗauka warin fenti yake gudu.

Ranar wata Litinin bayan la'asar wakilin umda ya zo dubawa, wani dattijo da ake kira Abu Mish'al. Mukhtaru ya sa farar jallabiya, ya buɗe masa ƙofa yana alfahari. Dattijo ya shiga majalisa, ba komai. Ya leƙa ɗaki na farko, ba komai. Na biyu, ba komai. Kicin ko cokali babu, muryarsu ce kawai ke amsawa a bango. Ya tambaye shi ina yake kwana, Mukhtaru, da yake ƙarya ba ta cikin abin da Sitti ta koya masa, ya ce a Zahir, gidan yayarsa. Abu Mish'al ya rufe littafinsa. Ya ce ya sha ganin masu kama gida don takarda kawai, biza na fitowa su saki, su cusa 'yar mutane a wani lungu, shi kuma ba zai shaida cewa ana zaune a inda ba kowa ba. Amma da ya ga yadda fuskar mutumin ta canza, sai ya ce zai dawo ranar Alhamis bayan la'asar. Wa'adin takardar kuwa ranar Lahadi yake cika.

Daga nan ya shigo mini ya ba ni labari. Na ce to mene ne abin damuwa, ga kasuwa nan, gobe da safe ya je ya sayo gado da katifa da kujeru, kafin azahar an kawo. Sai yaron nan ya dube ni ya ce ba zai saya ba.

Kaina ya ɗau zafi. Babu abin da ban faɗa masa ba, da Hausa da Larabci. Na ce wata goma sha huɗu na wahala zai zubar saboda katifa. Na ce Sitti ta yi shekara goma sha biyu a kabari, ba za ta taso ta duba wa ya sayi tsintsiya ba. Na ce a garin nan duk ango shi yake cika gidansa, ba wanda ya mutu. Ya bar ni na yi har na gaji, sannan ya tashi ya buɗe kabad ɗina, ya ɗauko tsohon akushin Sitti, baƙi, mai tsaga a baki, wanda na ajiye ban ma san me ya sa ba.

Ya ce, "Yaya, kin san da wannan kaɗai aka kai ta ɗakin miji?"

Ban sani ba. Ashe a Sudan aka aurar da ita, a bukkar gonar auduga, ba gado, ba tasa, ba wanda ya zo jere. Mahaifiyarta ta miƙa mata akushin nan tana kuka, kuma har ta rasu ba ta daina cewa ta kai 'yarta hannu rabbana ba. Sitti ba ta taɓa gaya mini ba, shi ta gaya wa, ba sau ɗaya ba.

Ya ce, "In na sa gado a ɗakin nan, na ce wa Inna ba ta iya ba ke nan. Ba zan yi mata haka ba."

Jikina ya yi sanyi, gaskiya, har na ji kunyar abin da na faɗa a kan tsohuwa. Amma sanyin jiki ba ya cika ɗaki. Na tambaye shi ta yaya yake zaton Inna za ta kawo gado daga Maraɗi, a jirgin da jaka biyu kawai ake bari. Bai taɓa tunanin wannan ba, kuma ko da ya yi, ai ba ya iya tambayar surukarsa.

Talata da hantsi na kira Inna da kaina. Ina fara magana ta fashe da kuka, ta ce dama abin yana cinta a rai. Ashe tun bayan ɗaurin aure ta haɗa kayan ɗaki tsaf, gado da kabad da kwanuka, suna nan jibge a ɗakinta, ta yi ta yawo wurin masu aika kaya ba ta ga hanya ba. Duk bidiyon da Mukhtaru ya turo sai ta karɓi wayar Rabi ta kalli ɗakin nan fayau, ta san jiranta ake yi, ta kasa cin abinci. Ita ta ji nauyin ta ce ta kasa, shi ya ji nauyin ya tambaya, Rabi tana tsakiya ta ji nauyin su duka biyun. Kusan wata uku ke nan kowa yana kunyar kowa, takarda tana ƙarewa.

Na ce to ta wakilta ni in yi jeren. Ta ce a'a, ni dangin ango ce, ba a taɓa yi ba. Na ce a raina, ashe taurin kan nan a gida biyu yake. Sai ta ce, "Duk garin Makka babu wadda kakanninta suka fito daga wajenmu?"

Nan na tuna da Basma maƙwabciyata, malamar makaranta, wadda kakarta 'yar Tasawa ce. Na haura da waya a hannu na buga mata ƙofa. Basma Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, ni ce tafinta. Inna ta tsare ta da tambaya, sunan kakarta, sunan unguwarsu, wace sana'a mahaifin kakar yake yi. Da aka ce majemi ne, Inna ta tafa hannu, ta ce ai majeman Tasawa dangi ne da mutanensu, rijiya ɗaya suke sha, kuma an yi auratayya. Ko gaskiya ne ko Inna ce ta ga dama, ban bincika ba. Ta ce, "Ki gaya mata daga yau ita gwaggon Rabi ce. Ɗiyata tana hannunta."

Da na fassara, Basma ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Ta ce tun da take ba wanda ya taɓa kiranta gwaggo. Kafin azahar ta kira Nora da Ghada, Inna ta yi musu irin tambayoyin, su ma aka samo musu dangantaka, ɗaya ta wajen Gobir, ɗaya ta wajen wani mai sayar da goro da ya taɓa kwana a Maraɗi. Amarya ta tashi da gwaggo uku a wuni ɗaya. Na je na gaya wa Mukhtaru cewa dangin amarya za su zo jere gobe, ya ba da makulli. Ya tambaya ko da izinin Inna, na ce da umarninta ma. Sai ya miƙo makullin da hannu biyu, yana murmushi kamar an ce masa bizar ta fito.

Ranar Laraba ba zan manta da ita ba. Tun da sassafe gwaggonni suka bazu. Basma ta tafi kasuwar Zahir ta zaɓo gado da katifa, Nora ta kwaso tukwane da faranti da ta daɗe tana tarawa ba ta taɓa buɗewa ba, Ghada ta zo da labule da kafet da kujerun ƙasa na majalisa. Labari ya zaga, wasu matan da ban ma gayyata ba suka fara isowa, wannan da bargo, waccan da butar shayi, kowa tana cewa ita ma ta wajen amarya ce. Abdulilah, abokin aikin Mukhtaru, ya kawo ƙaramar motarsa ta ɗaukar kaya, su biyu suka yi ta hawa da sauka. Iyakar Mukhtaru bakin ƙofa. Ya ajiye kaya a nan, mata su ja ciki, in ya ɗan miƙa wuya Ghada ta kore shi da tsintsiya. Ni ma da na ce ba zan iya hawa uku ba, sau huɗu na hau ranar, ban ji komai ba.

Muka jingina waya a kan taga, Inna tana kallon komai daga Maraɗi tana ba da umarni. A matsar da kabad, a ɗaga labule, wancan bargon bai dace da zanen gado ba. Da aka zo kan gado ta ce a kula kada ƙafafun mai kwanciya su miƙe gabas. Muka juya shi, sai Basma ta leƙa taga ta ce yanzu kam sun miƙe sak ga Ka'aba, domin daga Kudai Harami yana arewa ne. Aka yi ta bayani, Inna ta kasa yarda cewa a ɗakin nan alƙibla ba gabas take ba, har sai da na ɗauki wayar na nuna mata hasumiyar ta tagar kicin. Ta yi salati, ta yi dariya har da tari, ta ce to a juya yadda mutanen Makka suka ga dama. Nora ta nuna mata injin markaɗe, ta ce ta gani, amma ina turmi? Sai da aka aika wurin matan da ke sayar da kuka da daddawa aka samo ɗan ƙarami. Da azahar Abdulilah ya kawo tsire, muka baje a kan sabon kafet muka ci, Ghada ta yi guɗa irin ta Larabawa, Inna ta ce wannan ba guɗa ba ce, ta kama hanci ta yi mana ta gaske ta cikin waya.

Da aka zo jera kwanuka a kabad mai gilashi, ta ce a bar mata tsakiyar layin sama, kada a sa komai. Ni kuwa akushin Sitti yana cikin jakata tun safe, ina ta jinjina abin. Na fito da shi na nuna mata, na ba ta labarinsa a taƙaice, na ce na san kayan dangin ango ba ya shiga jere, amma ina roƙo.

Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Wanga ba kayan dangin ango ba ne. Na amarya ne da ba a yi wa jere ba. Ku sa shi sama, a yi musu tare."

Na sa shi da hannuna, na fita baranda na yi kukana. Kafin la'asar an gama, an kunna turaren wuta, aka ja ƙofar ɗakin amarya aka rufe. Basma ta ba Mukhtaru izini, a matsayinta na gwaggo, ya kawo kayan sawarsa ya riƙa kwana a majalisa, amma ɗakin ciki ko da wasa.

Alhamis bayan la'asar Abu Mish'al ya dawo. Yana shigowa ƙamshi ya tare shi, ya tsaya ya sake duba lambar ƙofa. Ya ga kujeru, ya ga jallabiyoyi a rataye, ya ga tukunya a kan wuta, domin Nora ta dage sai an dafa wani abu. Da ya ce a buɗe ɗakin ciki, Mukhtaru ya ja da baya ya juya fuska, Basma ce ta buɗe. Dattijo ya tambaya me ya hana mai gida shiga ɗakinsa, Basma ta yi masa bayani da Larabci tun daga farko, da gadon da ke Maraɗi, da gwaggonnin da aka naɗa ta waya, har da akushi. Ya saurara bai katse ta ba. Ya dubi Mukhtaru ya girgiza kai, ya ce shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa ganin wanda ya kusa rasa matarsa saboda girmama surukarsa ba. Ya zauna a kan sabuwar kujera, ya sha shayi, ya sa hannu ya buga hatimi, ya ce mabruk.

Bai kai ƙasan bene ba gidan ya kaure da guɗa, ta Larabawa da ta Hausawa a haɗe. Mukhtaru ya riƙe takardar yana dubawa yana sake dubawa, ya ce in karanta masa, alhali ya fi ni iya karatu. Ranar Lahadi tun kafin a buɗe ofis yana bakin ƙofa.

Bayan sati biyar bizar ta fito. Wata Asabar da safe muka tafi filin jirgin Jidda da mota biyu. Rabi ta fito tana tura jakunkunanta biyu, ta rungume wani ƙunshi a ƙirji, ta hango mu ta fara dariya tun daga nesa. Mukhtaru ya yi taku biyu zai nufe ta, gwaggonni suka riga shi. Suka kewaye ta, kowa tana faɗin sunanta da yadda suke da ita, Basma tana ta maimaita 'yata, 'yata, kalmar da ta kwana uku tana koyo. Suka sa ta a motarsu, shi ya biyo mu a baya da jakunkuna, tun daga Jidda har Kudai ina hango shi a madubi yana murmushi shi kaɗai.

A bakin bene aka lulluɓe ta, aka hau da ita a hankali, aka ce ta shiga da ƙafar dama. Basma ta buɗe ɗakin. Rabi ta yaye mayafi, ta dubi gado, ta dubi labule, ta dubi ɗan turmin da ke gefe. Ta kwance ƙunshinta, sai ga tasa ta jan ƙarfe, an goge ta tana sheƙi, wadda aka kai Inna ɗakin miji da ita. Ba wanda ya nuna mata wuri. Ta buɗe kabad, ta ajiye ta a tsakiyar layin sama, kusa da akushin Sitti. Na kira Inna na juya mata wayar, ta gani, ta ce alhamdu lillahi, yanzu ta kai ɗiyarta.

Muna cikin share hawaye muka ji sallama. Mukhtaru ne a bakin ƙofar ɗakin, a gidan da ya yi wa fenti da hannunsa, ya yi sati biyar yana kwana a majalisarsa bai taɓa leƙa nan ba. Ba wadda ta amsa, duk muka dubi amarya. Ya sake yin sallama. Ni na goya yaron nan, na gan shi yana ratsa cunkoson ranar Arfa da bas cike da mutane ko gezau, amma ranar ya kasa ƙetare bakin ƙofa sai an ba shi izini.

Rabi ta goge ido, ta amsa masa, ta ce, "Shigo mana, ai an gama jere."

Ya cire takalmansa, ya ajiye su a gefe, ya shiga.